Gidan Hardwick: gilashinsa, magadansa, da dokar da ta zo daga baya

"Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Nottingham. Ran Asabar muka kai yara wani tsohon gida a Derbyshire mai suna Hardwick Hall, abin ya ɗaure min kai. Gida ne da ya haura shekara 400, amma kusan duk jikinsa tagogi ne, a ƙasar da sanyi ke hana mutum barci. Me ya sa aka gina shi haka? An ce mana yana cikin rajistar gine-ginen tarihi. Dokar ce ta hana a rushe shi ko a sabunta shi duk tsawon zamanin nan? Ina tambaya ne kuma saboda ni da maigidana muna duba wani ƙaramin tsohon gida, dillali ya ce shi ma yana cikin rajistar, tagoginsa kuwa sun tsufa, muna so mu canja su."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwa. Allah ya raya yaran. Tambayarki uku ce a dunƙule: me ya kawo yawan gilashin, wa ya tsare gidan har ya iso gare mu, kuma me rajistar za ta ɗora muku in kun sayi naku. Aikina zanen gine-gine ne, kuma akasarin abin da nake ci da shi gyaran tsofaffin gidajen dutse ne a tsakiyar Ingila, don haka ta wannan fuskar zan amsa miki.

Bari in fara da inda nake ganin an ɗan karkatar da ke. Ba dokar rajista ce ta tsare Hardwick ba. An tare a gidan a 1597, tsarin rajistar kuwa sai a shekarun 1940 ya zo. Shekara kusan 350 ke nan gidan yana tsaye, babu wata doka da za ta hana mai shi ya kira leburori su rushe shi da safe. Abin da ya tsare shi daban ne, kuma ba za ki fahimce shi ba sai kin san wadda ta gina shi da abin da take nufi da shi.

Matar da ta gina shi

Sunanta Elizabeth, amma da Bess ta Hardwick aka fi saninta. An haife ta a shekarun 1520 a kan wannan tudun da kuka hau, a gidan wani mai gonaki daidai gwargwado, ba basarake ba, ba kuma talaka ba. Ubanta ya rasu tana ƙarama, bai bar musu wani abin a zo a gani ba. Ta yi aure huɗu, kowane miji ya fi na baya ƙarfi, kuma duk sun riga ta rasuwa. Na biyun, Sir William Cavendish, shi ne uban 'ya'yanta, tare suka sayi wani gida da filayensa mai suna Chatsworth, a Derbyshire, a 1549 suka fara gini a can. Na huɗun shi ne George Talbot, Earl na shida na Shrewsbury (Earl sarautar gado ce ta manyan Ingila), ɗaya daga cikin manyan masu dukiyar Ingila a lokacin. Shi Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta danƙa wa tsaron Mary, tuɓaɓɓiyar sarauniyar Sikotland, daga 1569 zuwa 1584. Riƙon fursuna mai sarauta da tarin barorinta na tsawon waɗannan shekaru ya ci masa aljihu, ya kuma taimaka wajen lalata aurensa. Rikicinsa da Bess ya yi tsanani har sai da Sarauniya da kanta ta sa baki.

Da zama ya gagara, Bess ta koma tudun ubanta, wanda ta saye a 1583 bayan ɗan'uwanta James ya karye ya mutu da bashi a wuya. In kin lura, akwai wani dogon kango dab da gidan da kuka shiga, babu rufi. Shi ne tsohon gidan. Wajen 1587 ta fara faɗaɗa shi, ana gini ana ƙari, yau a tsiro ɗaki nan, gobe a ɗora bene can, shi ya sa in kin tsaya gabansa ba za ki ga ɓangaren da ya yi daidai da ɗan'uwansa ba. Sai a Nuwamba 1590 mijin ya rasu, rabonta na dukiyarsa ya haɗu da abin da ta riga ta tara, ta zama macen da ake cewa ba wadda ta fi ta arziki a Ingila in ban da Sarauniya. Ta haura shekara 60 a lokacin. Ba ta jira an gama tsohon ba, ta sa aka haƙa harsashin sabo 'yan taku kaɗan daga gefensa.

Wannan karon ta nemo gwani. Masana suna jingina zanen ga Robert Smythson, wanda ya fara a matsayin mai sassaƙar dutse, ya yi aiki a wani babban gida mai suna Longleat, sannan ya zana Wollaton Hall da ke cikin Nottingham ɗinku, wanda aka gama a 1588. Hujjar ita ce wani zane da aka samu cikin takardunsa mai kama da tsarin Hardwick sosai, da kuma kyautar kuɗi da littafin kashe-kashen Bess ya nuna ta ba shi da ɗansa a 1597. Amma kada ki ɗauka irin aikinmu na yau ne, inda mai zane ke tsayawa kan aiki har a miƙa makulli. Ya ba da tsari, magina da ita kanta uwar gida suka ci gaba, suna canjawa yadda ta ga dama. Ita ke duba lissafin kuɗin da idonta.

Gilashin

A ƙarni na 16 gilashi kayan masu hali ne. Akwai manyan gidajen da in mai gida zai yi doguwar tafiya sai a cire gilasan tagogi a adana, kada iska ta farfasa su a banza. Sai daga 1567, da aka ba wa wasu 'yan ƙetare izinin kafa masana'antar gilashi, sana'ar ta soma ƙarfi a Ingila. Ko a hakan ba a iya yin babban faranti. In kin koma ki matsa kusa da taga ɗaya ki duba: ƙananan ɓallaye ne masu kusurwa huɗu, kowanne bai wuce tafin hannu ba, an haɗa su da siraran sandunan dalma, an ɗaure a jikin ƙarfe, an saka tsakanin ginshiƙan dutse. Taga ɗaya tana cin ɗaruruwansu. Wanda ya yi wa gidansa irin waɗannan tagogi daga ƙasa har sama, a kan tudun da ake hange daga nesa, yana faɗa wa duk mai wucewa yawan abin da ya mallaka ba tare da ya buɗe baki ba. Mutanen yankin sun ji saƙon, har suka yi wa gidan kirari cewa gilashinsa ya fi bangonsa yawa. Don kada wani ya yi tantamar mai shi, ta sa aka sassaƙa harufan sunanta, E da S, wato Elizabeth Shrewsbury, a dutse, manya-manya, da kambin sarauta a kansu, aka kafa a saman hasumiyoyi shida na gidan. Har yau mai tafiya kan babbar hanyar M1 yana hango su.

Wani abin da ba a cika faɗa wa baƙi ba shi ne kusan duk kayan ginin daga filayenta suka fito. Dutsen a gindin tudun aka fasa shi. Dalmar rufi daga ma'adinanta na Derbyshire, katako daga dazuzzukanta, ƙarfe da gilashin kansa daga wajen Wingfield, inda take da masu yi mata. Abin da wani zai saya da tsada, ita daga gida take ɗebowa.

To, yaya bango mai wannan yawan ramuka ya tsaya? Nan ne ni a matsayina na mai zane nake sara wa Smythson. A gidajen da suka gabata, murhun dumama ɗaki da bututun hayaƙinsa a jikin bangon waje ake saka su, don haka dole bangon ya yi kauri, taga ta yi ƙanƙanta. Shi sai ya ja wani bango mai kauri ta tsakiyar gidan, daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ya tara murahu da bututan hayaƙi a cikinsa, ya ɗora masa kaso mai yawa na nauyin benaye. Da ya sauke wa bangon waje wannan kaya, sai ya samu damar huda shi yadda yake so. Hasumiyoyin shida kuma, biyu a gaba, biyu a baya, ɗaya a kowane gefe, suna tokare ginin ta ko'ina.

Amma akwai 'yar ƙarya a ciki. Ba duk tagar da kika gani daga waje ce taga ta gaskiya ba. Wasu bango ne a bayansu, ko murhu. Wasu kuma taga ɗaya ce ta ratsa ɗakuna biyu, na sama da na ƙasa, daɓen ya yanke ta a tsakiya. Dalili shi ne sun fi damuwa da dama ta yi daidai da hagu a idon mai kallo daga waje fiye da dacewar ɗakin da ke ciki. Wannan son daidaito sabon abu ne a Ingila a lokacin, daga littattafan gini na Italiya da na Holan ya shigo. Shi ne kuma ya sa aka juya babban zauren gidan. A al'adar da, zaure a kwance yake, ka shiga ta gefe ɗaya, kicin can, ɗakunan mai gida can, gidan ya karkace. A Hardwick kuwa ƙofa tana tsakiya cif, zauren ya miƙe daga gaba zuwa baya. Yana cikin gidajen farko da aka yi wa haka a ƙasar.

Game da sanyi kuwa, zatonki daidai ne, gidan yana da sanyi na fitar hankali. Duke na shida na Devonshire (sarautar Duke ta fi ta Earl), ɗan zuriyar Bess wanda ya gaji gidan a ƙarni na 19, ya rubuta cewa ya gwada yin hirar dare da baƙinsa a dogon falon sama, har ya kewaye wurin zama da labule masu kauri, iskar gabas ta kore su. Bess ta san da haka. Maganinta shi ne wuta a murahu, tabarmin ciyawa a ƙasa, da darduman bango a kusan kowane ɗaki. Jin daɗin zama ba shi ne na farko a lissafinta ba.

Hawa sama

Ki tuna yadda tagogin suke daga waje: na ƙasa gajeru, na tsakiya sun fi su, na sama sun fi duka tsawo. Ba ado ba ne kawai, matsayin mutanen da ke ciki ne aka rubuta a jikin bango. Ƙasa ta barori ce, da kicin, da ɗakunan ajiya, da zauren da ma'aikata ke cin abinci. Bene na farko nata ne da iyalinta. Bene na biyu, mai rufi mafi tsawo, na manyan baƙi ne, wato irin baƙon da ake fatan ya zama Sarauniya.

Matakalar da ta haɗa su ita ce abin da na fi so a gidan gaba ɗaya, kuma ina ganin mutane suna wuce ta da sauri don su isa ɗakuna. Ta dutse ce, faffaɗa, ba ta da wani sassaƙa. Ba ta miƙe tsaye wuri ɗaya ba. Tana hawa, ta tsaya a wani fili, ta juya, ta bi tsawon gidan, ta shiga duhu-duhu, ta sake karkata, sannan haske ya zubo daga wata hasumiya a daidai lokacin da kika iso ƙofar babban ɗakin karɓar baƙi. Dutsen matakan ya lotse a tsakiya saboda sawu. A zamanin Bess kowane fili na matakalar akwai barori a tsaye, kuma ba kowa ke wuce kowane fili ba. Ta nan ake ɗauko abinci daga kicin a jere, cikin girmamawa, har hawa biyu, ya iso ya huce. Mai ziyara kuwa kafin ya kai sama numfashinsa ya ɗan sarƙe, ya riga ya ƙanƙanta a ransa tun bai ga uwar gida ba. Da gangan aka yi.

Babban ɗakin an auna shi ne don ya ɗauki wasu darduman bango da aka saƙa a Brussels, waɗanda ta riga ta mallaka. A samansu akwai zane mai tudu da aka yi da farar ƙasa aka shafa masa launi, daji ne da barewa da giwaye da masu farauta kewaye da Diana, wadda a tatsuniyoyin Rumawa ita ce uwar farauta, kuma kowa a lokacin ya san yabon Sarauniya Elizabeth ake yi da ita. Kusa da shi dogon falon yake, kusan mita 50, wanda ya cinye gefen gabas duka. A can ake tattaki in ana ruwa, a can ake rataye hotunan dangi da na sarakuna. Darduma 13 da suka rufe bangonsa, masu labarin Gidiyon na cikin Baibul, ta saye su ne a Landan a farkon shekarun 1590 daga magajin Sir Christopher Hatton. Fiye da fam 300 ta biya, amma sai da ta sa aka rage mata fam 5 saboda tambarin gidan Hatton yana jiki, ita za ta sha wahalar rufe shi da nata. Wannan ragin ya fi kowane hoto nuna miki halinta.

Me ya sa take tsammanin Sarauniya? Jikarta Arbella Stuart tana da jinin sarauta ta wajen uba, kuma Sarauniya ba ta da ɗa. Bess ta riƙe yarinyar a Hardwick, tana fatan a ayyana ta magajiya. Sarauniya ba ta taɓa zuwa ba. Da ta rasu a 1603, James na Sikotland ya hau, Arbella kuwa ta ƙare rayuwarta a tsare a Hasumiyar Landan a 1615 saboda ta yi aure ba izinin sarki. Af, in an nuna muku wani ɗaki da ake dangantawa da Mary ta Sikotland, ki sani ba ta taɓa kwana a ciki ba. An kashe ta a 1587, kafin a aza dutsen farko.

Abin da ya tsare shi

Bess ta rasu a Fabrairu 1608. Gidan ya faɗa hannun ɗanta William, wanda ya zama Earl na Devonshire, zuriyarsa kuma ta samu sarautar Duke a 1694. Ga inda gizo ke saƙa: iyalin suna da Chatsworth, kuma can suka zaɓa ya zama mazauninsu. Gidan da ake zaune a ciki shi ake taɓawa. Daga 1687 aka shiga sake Chatsworth ɓangare-ɓangare, har ginin da Bess ta yi a can ya ɓace cikin sabon salo. Duk kuɗin yayi can ya tafi. Hardwick ya zama gidan da ake leƙawa lokaci-lokaci, a yi farauta, a ajiye tsohuwa, a jibge kayan da aka daina yayi. A nan masanin falsafar nan Thomas Hobbes, wanda ya daɗe yana yi wa iyalin hidima, ya rasu a 1679 yana da shekara 91.

Ki lura da sharuɗɗa biyu da suka haɗu. Ba su damu da gidan har su sabunta shi ba, amma suna da arzikin da za su ci gaba da gyara rufinsa. Da ɗaya ya ɓace da gidan ya tafi. Hujja tana nan a tsaye a gefensa: tsohon gidan, wanda a ƙarni na 18 aka ga ba a bukatarsa, aka kwashe dalma da katako da dutsensa, ruwa ya gama sauran. Iyali ɗaya, tudu ɗaya, shekarun gini kusan ɗaya. A aikina na ga haka sau da yawa: gidan da mai shi ya samu kuɗi kwatsam ya fi shiga haɗari a kan gidan da aka manta da shi amma indararonsa na zubar da ruwa yadda ya kamata.

Akwai kuma sa'a guda. A 1601 Bess ta sa aka rubuta duk abin da ke gidan, ɗaki bayan ɗaki, don wasiyyarta, ta kuma yi umarnin kada a raba kayan da gidan. Takardar tana nan, kuma kaya da dama da ta lissafa har yanzu suna ciki. Ba duka ba, domin shi Duke na shida ya kwaso darduma da kujeru daga sauran gidajensa ya ƙara, don gidan ya ƙara kama da tsoho a idonsa. Wani abin da kika ɗauka na Bess ne, nasa ne.

Haɗarin gaske sai a ƙarni na 20 ya zo, kuma haraji ne ya kawo shi. Duke na goma ya rasu ba zato a 1950, aka yanka wa dukiyarsa harajin gado na kashi 80 cikin 100. Lokacin ne ake rushe irin waɗannan gidaje a Birtaniya ba ƙaƙƙautawa, saboda magada ba su iya riƙe su. Iyalin suka zaɓi su ceci Chatsworth, suka miƙa Hardwick ga baitulmalin gwamnati a madadin wani ɓangare na harajin, a 1959 kuma aka danƙa shi ga National Trust, ƙungiyar sa-kai da aka kafa a 1895, wadda doka ta ba ta ikon riƙe kadara ta yadda ba za a iya sayar da ita ba. Mace ta ƙarshe da ta zauna a gidan, Evelyn, matar Duke na tara, ta yi shekarunta na tsufa tana ɗinke darduman da hannunta har ta rasu a 1960.

Yanzu kuma abokan gaba su ne waɗanda aka gina gidan da su. Hasken da Bess ta biya kuɗi don ya shigo shi ke kashe launin saƙa ya ruɓar da zare, shi ya sa kika tarar an sauke labule, ɗakunan sun yi duhu. Darduman Gidiyon kaɗai sun ɗauki shekara 24 ana gyaransu ɗaya bayan ɗaya, sai a 2023 ta ƙarshe ta koma bango. Saƙa ba fannina ba ne, iyakata dutse. Shi kuma dutsen Hardwick mai laushi ne, iska da ruwa da hayaƙin gawayin masana'antun yankin sun ci shi, ƙarafan da ke cikin ginshiƙan taga in sun yi tsatsa sai su kumbura su tsaga dutsen daga ciki. Masu sassaƙa ba sa rabuwa da aiki a wurin.

Rajistar, da gidan da kuke dubawa

A Ingila hukumar Historic England ce ke ba da shawara, ministan al'adu ya sa hannu, gini ya shiga rajista. Matakai uku ne. Na ɗaya na gine-ginen da ba su da na biyu, kusan kashi 2.5 cikin 100, nan Hardwick yake. Akwai na biyu mai tauraro, ƙasa da kashi 6. Sauran, sama da kashi 90, mataki na biyu ne zalla, kuma ina kyautata zaton nan gidanku yake. Kusan duk ginin da aka yi kafin 1700 wanda bai canja kama sosai ba yana ciki, haka ma mafi yawan na 1700 zuwa 1850. Rajistar a buɗe take a intanet, ki sa adireshin ki karanta abin da aka rubuta kafin ki yarda da bakin dillali.

Rajista ba ta ce kada a taɓa gida ba. Cewa ta yi duk aikin da zai shafi abin da ya sa gidan ya zama na musamman sai an nemi izini daga ƙaramar hukuma. Abubuwa uku mutane ke yawan kuskurewa. Suna ɗauka fuskar waje kaɗai ta shafa, alhali ta haɗa ciki duka, matakala, murhu, ƙofofi, har katanga da rumbun da ke tsakar gidan in sun girmi Yuli 1948. Suna ɗauka mataki na biyu yana da sassauci a doka, alhali izinin iri ɗaya ne. Suna kuma ɗauka gwamnati za ta taya su kuɗin gyara. Ga gidan zama mai mataki na biyu, kada ki sa rai. Yin aiki ba izini laifi ne ƙarƙashin dokar 1990, hukuncinsa yana iya kaiwa tara marar iyaka ko ɗaurin shekara biyu.

Ga wanda ya fi ba ni tsoro a madadinku. Aikin da mai gidan baya ya yi ba izini, wanda ya saya shi ke gadonsa, kuma ba ya tsufa. Na taɓa yi wa wasu ma'aurata aiki da suka sayi gida mai tagogin roba a bayansa, wani ya saka su tun da daɗewa. Da suka nemi izinin gyara kicin, jami'ar ta zo ta gani, dole suka cire su suka sa na katako da kuɗinsu. Don haka kafin ku biya ko sisi, lauyanku ya nemo takardun izinin duk wani canji da ido ke gani. Ni ba lauya ba ne, wannan ɓangaren nasa ne, amma ku tsaya a kansa.

Tagogin kuwa, in na asali ne, da wuya a yarda ku cire su, tagogin roba kuma kusan ku cire su daga lissafi. Sai dai sau da yawa ba sa bukatar cirewa. Tsohon katako ya fi na kasuwar yau ƙarfi, kuma ruɓar takan tsaya ne a gindin taga inda ruwa ke kwanciya. Ki sa tsinin makulli ki danna: inda ya nutse kamar a burodi ya mutu, inda ya ƙi shiga yana da rai. Kafinta mai sanin aikin zai yanke mataccen ya dasa sabo. Daga nan a toshe kafofin iska da siririn burushi da ake binnewa a gefen taga, wanda shi kaɗai yana rage sanyi fiye da yadda za ki zata. In bai isa ba, a ƙara taga ta biyu daga ciki, siririya, wadda ake iya cirewa ba a ji wa ta asali ciwo ba. Ita jami'ai suka fi saurin amincewa da ita, tana kuma kashe ƙarar titi, abin da mai aikin dare kamarki za ta gode wa. In taga ta mutu gaba ɗaya, ko kuma dama ba ta asali ba ce, ana iya ba da izinin sabuwa ta katako mai kama da tsohuwar, wani lokaci har da gilashi mai ruɓi biyu siriri. Wannan ya danganta da gidan da kuma ƙaramar hukumar.

Ku duba bangon ma, ba tagogi kaɗai ba. Tsofaffin gidajen nan da farar ƙasa aka haɗa dutsensu ko bulonsu, mai barin danshi ya fita. In wani ya zo ya cike layukan da siminti, ruwa yana shiga ya rasa hanya, sai ya bi ta jikin dutsen, sanyi ya daskarar da shi, fuskar dutsen ta ɓare. Za ki ga layin simintin ya fito zaƙo-zaƙo, dutsen ya koma ciki, in kin shafa ya zubo miki a hannu kamar gari. Duk wanda ya ga ginin ƙasa a gida da aka yi wa shafen siminti, ya kumbura ya ɓalle bayan damina biyu, ya san ciwon. Cire shi aiki ne na hannu, a hankali, kuma yana da tsada, don haka a sa shi cikin ciniki.

Neman izinin kansa ba a biyan kuɗi, kuma ƙa'ida ita ce a ba da amsa cikin mako takwas, ko da yake yakan wuce haka. Abin da za ku biya shi ne mai zane, da mai binciken gini wanda ya saba da tsofaffin gidaje, ba wanda banki zai turo don ƙiyasin farashi ba. Ku kuma nemi jami'in kula da gine-ginen tarihi na ƙaramar hukumar tun kafin ku sa hannu, ku aika masa hotunan tagogin ciki da waje, ku tambaye shi abin da zai yarda da shi. Wasu ƙananan hukumomin suna cajin wannan shawarar ta farko, ku biya. In kin samu bayanin rajistar gidan da hotunan, ki turo min in duba in faɗa miki waɗanne tagogin ne na asali.